Sunanka a sama, na'urorin wani a ƙasa: dillanci ne ko rufa ido?

Mai kamfani, Kano: Assalamu alaikum. Jiya wani abokin sana'a ya ce abin da nake yi yaudara ce, kuma maganar ta tsaya min a rai. Makarantu da ƙananan asibitoci nake ajiye wa bayanai a girgije, wato ma'ajiyar intanet. Ba ni da ɗakin na'urori. Wani kamfani a Legas ke kula da komai dare da rana, shi ma a kan Azure, wato girgijen kamfanin Microsoft, ya ɗora. Shafin shiga da takardar kuɗi kuwa sunana da tambarina ne a kai. Ɗan Kantin Kwari da ke aikawa China a buga masa atamfa da sunansa, wa ya taɓa kiransa mayaudari?

Injiniya: Alhaji, atamfa in ta iso shagonka ta zama taka, kana iya ɗaga ta ka duba. Wannan fa ba ya taɓa zuwa hannunka. Ka tuna 14 ga Maris 2024, ana cikin azumi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, har bankuna suka rikice? Ina aiki a kamfani irin naka a lokacin. Akantan wata makaranta ya zo ofis da kansa, gumi ya jiƙa masa hula, ya ce a nuna masa na'urar da rajistar kuɗin ɗalibansa ke ciki. Muka yi tsuru-tsuru. Mu ma Legas muke ta kira ba a ɗauka. Mutumin ya ɗauka a bayan ofishinmu take. Har yau ina jin nauyin kallon da ya yi mana.

Mai kamfani, Kano: Ai ranar ko mai nasa ɗakin na'urori ya ji a jikinsa.

Injiniya: Gaskiya ne. Amma shi ya san abin da zai faɗa wa mutanensa.

Hajiya mai hidimar intanet, Kaduna: Ni ina bayan Alhaji, da sharaɗi. Wace makaranta ce a Tudun Wada za ta iya ɗaukar injiniya, ta sayi janareta da na'urar sanyaya ɗaki saboda bayanai? Abin da suke saya a wajenmu shi ne mutumin da zai ɗauki waya ya amsa da Hausa. Abin da ya kusa karya ni dala ce. Na ƙulla yarjejeniyar shekara da naira, kamfanin da nake saye a wajensa kuma da dala yake lissafi. Aka saki naira kasuwa ta yanke farashinta a Yunin 2023, dalar da ke wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wata biyar ina cikawa daga aljihuna.

Malamin makaranta: 'Yan'uwa, akwai hadisin da ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa. Bai shafi wannan ba?

Hajiya mai hidimar intanet, Kaduna: Malam, a fahimtata hidima ce muke ɗaukar nauyinta, kamar ɗan kwangila da ke ba wani sashen aiki. Amma a kai wa malamai su duba.

Injiniya: Ko an bar wannan, akwai dokar kare bayanai ta 2023. Asibitin da ya ba ka bayanan marasa lafiya yana da haƙƙin sanin wa ke taɓa su, kuma a wace ƙasa suke kwana. Cibiyoyin Azure na nahiyar nan tun 2019 a Afirka ta Kudu suke. Alhaji, likitan ya san haka?

Mai kamfani, Kano: Bai sani ba. Tsorona in na ambaci na Legas, ya tsallake ni ya tafi can kai tsaye.

Hajiya mai hidimar intanet, Kaduna: Ni ina rubutawa a yarjejeniya, kuma ba wanda ya gudu saboda haka. Zan turo maka tawa bayan isha'i, shafi na uku za ka duba.