Yadda za a zubar da ruwan hita na gida ba tare da an ɓata ɗaki ba

Jiya mun zauna da 'yan uwa mazauna nan Ingila kan zancen fitar da ruwan radiyeta, wato ƙarafan jikin bango da ruwan zafi ke bi ta cikinsu don ɗumama ɗaki, tunda sanyi ya kusa, ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda a fara kashe boila, wato na'urar da ke dafa ruwan, a bar ruwan ya huce sosai, awa biyu ko fi, don ruwan zafi ba wasa ba ne. Sai a rufe inda ruwa ke shigowa, in gidan mai tanki a saman silin ne a ɗaga ƙwallon da ke yawo a kan ruwan tankin a ɗaure shi sama don ruwa ya daina shiga, in ba haka ba kana zubarwa yana ƙara cika.

Inda aka fi daɗewa shi ne tiyo. Ka nemi ɗan bawul ɗin zubarwa, yawanci yana jikin radiyeta ta ƙasa kusa da ƙofa, ka sa tiyo ka ɗaure shi da kilif gam, ɗayan bakin ka kai shi kwata a waje, kar a fulawa saboda akwai maganin hana tsatsa a ruwan. Wallahi ruwan nan baƙi ƙirin yake fitowa saboda tsatsa, in ya taɓa kafet da wuya ya fita, don haka shimfiɗa tsohon tawul ka ajiye roba a ƙasa kafin ka taɓa sifana. Ni wannan na fi ba muhimmanci.

Bayan ka buɗe bawul ɗin zubarwa, sai ka buɗe ƙananan bawul ɗin iska na radiyetocin saman bene tukunna don iska ta shiga ruwa ya sauka, sannan na ƙasa.

Wajen mayar da ruwa a rufe bawul ɗin da aka buɗe, a zuba maganin tsatsa, in gidan ba mai tanki ba ne firesha a agogon boila ta tsaya tsakanin bar 1 da 1.5. Abin da ya shafi gas kuwa sai mai rajistar Gas Safe, wato injiniyan da doka ta amince ya yi aikin gas.