Dariyar bidiyon faɗuwar mutane: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinto daga maganganunmu kan ko ya dace a yi dariyar bidiyon faɗuwar mutane.

1. Kusan kowa ya amsa laifinsa: mun taɓa dariya. Bidiyon ɗan acaɓan da ya zame cikin taɓo a Kwangila da ke Zariya, buhun tumatir ya watse, shi aka fi ambata. An ce idan mutum ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, dariyar ba komai.

2. Idan akwai jini, ko tsoho ne, ko yaro, a wuce.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce mai neman irin bidiyon nan kullum akwai ƙeta a ransa, musamman in sai mai kuɗi ya faɗi yake jin daɗi. Wasu ɗalibai daga Samaru suka ce a'a, gajiyar karatu suke saukewa, kuma TikTok ne ke ƙara turo maka duk abin da ka tsaya kallo. Ni dai na fi karkata ga na farko, kodayake ban wanke kaina ba.

4. Tura wa wasu bidiyon ya fi kallo muni. An kawo aya ta 11 a Suratul Hujurat kan izgili. Zariya ƙarama ce, wata ta ce sai da ta tura sannan ta gane kawun ƙawarta ne.