Hadda ga mai aiki da iyali: nawa za a ɗauka a rana?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Duk shekara za ka ji magidanta da matan aure sun ƙudura niyyar haddace Alƙur'ani, kafin wata biyu an watsar. Malamai, ku taimaka mana da tsarin da kuka ga yana ɗorewa ga wanda ba shi da fiye da awa ɗaya a rana.

Malamin Islamiyya: Wa alaikumus salam. A fara da lissafi. Bugun Madina shafi 604 ne, kowane shafi layi 15, izu ɗaya kusan shafi 10. Mai ɗaukar shafi guda a rana, kwana biyar a mako, zai kai shekara biyu da wata huɗu. Mai rabin shafi, shekara huɗu da wata takwas. Abin da ke kayar da mutane shi ne su fara da shafi biyu saboda zumuɗi, a mako na uku tsohon karatu ya fi ƙarfinsu. Mai aiki ya fara da layi biyar. Kuma kada ya sa izu sittin a gabansa tukuna, ya ce izu biyu na ƙarshe daga Amma zuwa Nasi, shafi 23, cikin wata uku ko huɗu. In ya riƙe su sai ya wuce Tabaraka.

Alaramma: Lissafin Malam daidai ne, amma ya bar abin da ya fi cin lokaci, wato tishe, maimaita abin da aka riga aka haddace. Sabon darasi ba shi da wuya, riƙewa ce aikin. A raba awar nan uku. Minti 20 bayan Asuba na sabo: a karanta ayar da kallo sau goma, a rufe a kawo ta sau biyar, a haɗa ta da wadda ta gabace ta kafin a ci gaba. Mahaɗar ayoyi ita ce inda ake yawan tsayawa, don haka kullum a ɗora da farkon ayar da ke biye. Minti 15 na darussan kwana bakwai da suka wuce, da ka. Sauran na tsoho. Wanda ya tara izu goma ya riƙa kawo izu guda kullum, ya zagaye su a kwana goma. Duk izun da ya wuce mako biyu ba a taɓa shi ba, ya fara zubewa ko mai shi bai sani ba. Ranar da tsoho ya yi rauni a dakatar da sabo, ko da na mako ne. Shi ya sa a tsangaya ba a wanke allo sai malam ya ji darasin ya zauna.

Malamin Islamiyya: Allah ya gafarta Malam, haka ne. In ƙara da cewa kada a haddace abin da ba a biya wa mutum ba. Kuskuren wasali in ya shiga hadda, cire shi ya fi sabon darasi wahala.

Alaramma: Ƙwarai. Kuma riwaya ɗaya, bugu ɗaya. Wanda ya taso da Warshu a allo ya koma sauraron Hafsu a waya, tun daga Fatiha zai rikice tsakanin Maliki da Maaliki. Makarancin Masar Shehu Husari ya yi karatu da riwayoyin biyu, a duba wanne aka sauke. Ido kuma yana riƙe wurin da aya take a shafi, in aka sauya bugu wannan taimakon ya tafi.

Malama mai koyar da matan aure: Ga 'yan'uwa mata, bayan Asuba lokacin shirin yara ne da abin kari, da wuya ya yiwu. Abin da ya fi zama shi ne hantsi, bayan an tafi makaranta, kafin a ɗora girkin rana. Darussan kwana bakwai ana iya kawo su ana wanke-wanke ko shara, tunda da ka ne. Matsala ta biyu kwanakin al'ada: wasu kan ajiye komai mako guda kowane wata, su dawo su tarar da rabi ya gudu. A mazhabar Malikiyya mai haila tana iya karantawa da ka, don haka a mayar da makon na tishe zalla, babu sabo. Sannan a nemi abokiyar karatu, a riƙa karɓar wa juna ko ta kiran waya, sau biyu a mako a rana tsayayya. Mai karanta wa kansa ba ya jin kuskurensa.

Mai tambaya: To ayoyi masu kama da juna fa? Nan ne da yawa ke sarewa.

Alaramma: Ɗan littafi za a ware musu. Misali a Baƙara aya ta 58 an gabatar da shiga ƙofa da sujada kafin faɗin "hiɗɗatun", a A'arafi aya ta 161 kuma "hiɗɗatun" ce ta riga. A rubuta su gefe da gefe, a ja layi ƙarƙashin bambancin, a duba duk ranar da tishe ya zo kan ɗayansu. Darasin jiya kuma a yi nafila da shi yau, a tsaye ba mushafi a hannu. In ya fita a raka'a biyu ba tangarɗa, a ɗauki na gaba.