Me za mu kira "leading lines" da Hausa?

'Yan uwa masu ɗaukar hoto, ga wata kalma da ta daɗe tana yawo a bakinmu da Turanci. Abin da ake nufi shi ne duk wani abu mai tsawo a cikin hoto da ido ke bi har ya isa ga abin da aka ɗauka: titi, layin dogo, shinge, gaɓar kogi, jerin turakun lantarki. Masu zanen Italiya sun tsara ƙa'idar nuna nisa a zane ta hanyar layuka tun ƙarni na 15, kafin a san kyamara.

Shawara ta farko ita ce "layin jagora". Ba laifi, amma fassara ce kai tsaye, kuma "layi" ya yi wa kansa yawa: layin waya, layin bi, layin rubutu. Ƙari ga haka, mai jin "layi" zai zaci abu miƙaƙƙe, alhali kogi mai lanƙwasa kamar harafin S yana cikin mafi kyawun misalai.

Wasu sun ce "jan ido", tunda abin yana jawo ido. Wannan kam a'a. A wurin mai hoto, jan ido shi ne jan da ke fitowa a ƙwayar ido idan hasken filasha ya bugi jijiyoyin jinin da ke can cikin ido. Kalma ɗaya ba za ta ɗauki cuta da dabara a sana'a guda ba.

Ni dai na fi karkata ga "turbar ido", jam'i "turbobin ido". Turba tana iya miƙewa, tana iya karkacewa, kuma dole ta kai mutum wani wuri, wanda shi ne dukan aikin. Ta ma haɗa da wadda ba a zana ba: idan mutum a hoto yana duban hagu, mai kallo ma hagun zai duba.

Gwada ta a magana: "Durƙusa ƙasa, ka sa lens (gilashin kyamara) mai faɗi kamar 24mm, turbar ido za ta fi ƙarfi." Ko kuma: "Turbar nan ta fitar da ido daga hoton, matsa dama kaɗan." Ta zauna a baki.

Saura wurin da turbobi biyu ke haɗuwa can nesa, kamar ƙarafan dogo. Ina ganin "maƙura", wani kuma ya ce "mahaɗa". Malamai, wacce kuka fi so?