Neman taimako: vanilla-extract yana aiki a Vite, amma gwaji ya ƙi wucewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Kwana uku ke nan wata matsala ta hana ni sakat.

Ina haɗa wa wani mai shagon atamfa a Sabon Garin Zariya shafin saye da sayarwa na intanet, ina amfani da React (kayan gina fuskar shafi) da Vite (kayan haɗa manhajar). Don kwalliyar shafin na zaɓi vanilla-extract, saboda yana fitar da CSS, wato dokokin kwalliyar shafi, tun lokacin haɗa manhajar, ba sai burauza ta yi wannan wahalar ba. Yawancin kwastomominsa ƙananan wayoyi ne da su, data kuma sai da lissafi.

Na sa vanillaExtractPlugin(), filogin da ke haɗa vanilla-extract da Vite, a cikin fayil ɗin saitin Vite, vite.config.ts, duk fayilolin kwalliya kuma sunansu ya ƙare da .css.ts. Shafin yana buɗewa lafiya lau, npm run build ma ba ya ƙorafi. Amma da zarar na kunna Vitest, kayan da nake gwada manhajar da shi, sai ya tsaya a kan style() na farko, wai an kasa danganta kwalliyar da wani fayil. Na goge node_modules, jakar kayan aikin da na sauke, na sake saukewa har sau biyu, a kan datar da na saya da kuɗin cefane, shiru kake ji.

Abin da nake zargi: ina da fayil ɗin saitin Vitest daban, vitest.config.ts, wanda na kwafo daga wani tsohon aikina. Shin shi ne yake danne vite.config.ts har filogin ɗin bai shigo ba? In haka ne, mergeConfig zan yi amfani da shi in haɗe saitin fayilolin biyu, ko in maida komai fayil ɗaya?

Alhaji yana jiran aikinsa ranar Asabar. Wanda ya taɓa cin karo da wannan, don Allah ya agaza.