Dan Allah yoga ɗin nan tana maganin ciwon baya da gaske?

Tela_Fagge:
Salam jama'a. Ni tela ne, kusan wuni nake a kan keke musamman in sallah ta matso, to yanzu ƙuguna ya fara riƙewa, in na tashi daga kujera sai na ɗan jima a duƙe kafin in iya miƙewa sosai, ga kafaɗa da wuya su ma ba su bar ni ba. Ƙanwata da take karatu a Indiya ce ta dame ni wai in fara yoga, har bidiyo ta turo min a WhatsApp. Ni dai na ga mutane suna ta lanƙwashe jiki a kan tabarma ban ga inda ake gumi ba. Shin da gaske tana yi wa jiki wani amfani? Kuma tana rage tumbi? Don shi ma ya fara fitowa wlh.

Ummu_Haidar:
Wa alaikas salam Malam. Ina aiki a ɓangaren fisiyo, wato gashin ƙashi a asibiti, irin ƙorafinka kullum sai mun gani, teloli da direbobin adaidaita da masu zaman ofis.

Abin da ke faruwa shi ne in mutum ya daɗe a zaune, tsokar da ke gaban ƙugu wadda ta haɗa ƙashin baya da cinya tana ƙagewa, ta bayan cinya ma haka, su kuma tsokokin ɗuwawu da na ciki da ya kamata su tallafi gadon baya sai su yi lagwani saboda ba sa aikin komai, shi ya sa in ka tashi kake jin kamar an ɗaure ka. To tsayuwar yoga abu biyu take yi lokaci guda, tana miƙar da waɗanda suka ƙage kuma tana sa raunanan aiki, don in ka riƙe tsayuwa ɗaya na daƙiƙa 30 kana numfashi a hankali nauyin jikinka ne kake ɗagawa ba tare da ƙarfen jim ba. Gumin da ka ce ba ka gani ba, ka gwada za ka ga cinya na rawa.

Kuma ba zancen 'yan intanet ba ne kawai, a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta fitar da ƙa'ida cewa mai ciwon baya da ya daɗe ya fara da hanyoyin da ba na shan magani ba, ta lissafa yoga a ciki tare da motsa jiki da tai chi (motsa jiki a hankali na 'yan Sin). Amma gaskiya ɗaya ce, ba a nuna ta fi sauran motsa jikin baya da muke koyarwa a asibiti ba, kusan kunnen doki suke, sauƙin kuma a hankali yake zuwa, sai an yi makonni ana yi.

Ga waɗanda zan ce ka fara da su. Ka yi rarrafe, hannu da gwiwa a ƙasa, in ka ja numfashi ka saki ciki ƙasa ka ɗaga kai, in ka fitar ka tura bayan sama ya yi doro kamar kyanwa, kamar sau 10 a hankali. Sai ka kwanta rigingine ka tanƙwara gwiwa tafin ƙafa a ƙasa ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe, wannan ita ke tayar da tsokar ɗuwawu. Sai rub da ciki ka dafa hannu ka ɗago ƙirji kaɗan ba tare da ka matsa wa ƙugu ba. Minti 15 ya isa da farko. Miƙewar da za ka ji a tsoka ba komai, amma in zafi ne mai suka ka tsaya nan take.

Sai dai kafin komai, in ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa ko ka ji kamar kiyashi na bin ta, ko akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, kar ka tsaya wata yoga ka je asibiti, don tarin fuka yana kama ƙashin baya kuma muna ganinsa a nan. In fitsari ya fara kufce wa mutum kuwa wannan na gaggawa ne.

Abba_Jim:
Anti ta gama magana a kan baya, ni tumbin zan taɓa. Yallaɓai kar a yaudare ka, yoga irin ta a hankali ba ta ƙona kitse wani sosai, tafiya da sauri ta fi ta. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jikin da zai ɗaga bugun zuciya, sannan kwana 2 na ƙarfafa tsoka, yogar za ta iya shiga na biyun amma na farkon sai ka taka da ƙafarka. Kuma in kana dirkar lemon kwalba da burodi a shago tsakar dare ko shekara za ka yi kana lanƙwasa tumbin yana nan daram hhh

Malam_Sani_Zariya:
Ni tambayata daban ce, ba ibadar Hindu ba ce wannan? Na ji har gaisuwa ga rana ake yi a ciki.

Dr_Maryam_Pune:
Malam Sani tambayarka tana kan hanya. Asalinta daga addinan Indiya ne ba ja, kuma akwai jerin tsayuwa 12 da suke kira Surya Namaskar, gaisuwar rana, wasu suna haɗa ta da karance-karance. Majalisar fatawa ta Malesiya a 2008 ta hana musulmi yogar da ake haɗawa da waɗannan karatuttukan, ita kuma Saudiyya a 2017 ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki. Hukunci dai a tambayi malamai, amma motsi ukun da Ummu Haidar ta faɗa babu karatun komai a ciki, mu ma a asibiti su ake ba marasa lafiya da wani sunan.

Abin da ba a faɗa ba kuma ni ya fi burge ni shi ne daidaiton tsayuwa. Tsayawa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango yana horar da idon sawu da ƙugu, kuma ga iyayenmu da suka haura 65 wannan babban abu ne saboda faɗuwa a banɗaki ce ke karya musu ƙugu. Nan birnin Pune na Indiya inda nake ne cibiyar malamin yoga Iyengar take, dattijon ya rasu a 2014 yana da shekara 95, shi ya shahara da amfani da bel da katako da kujera don wanda jikinsa bai lanƙwasa ba shi ma ya iya, don haka Malam tela rawani ko tsohon zani ya ishe ka jawo ƙafa, ba sai ka sayi komai ba.

Mai hawan jinin ido ya guji duk tsayuwar da kai zai koma ƙasa don tana ƙara matsin cikin ido, mai hawan jini da mai ciki su ma su fara tambayar likitansu.

Hajiya_Binta:
Ni ma ɗinki nake yi, kuma gsky kujerar ma a duba ta, yawancinmu benci ne ko kujerar roba da ta yi ƙasa da keken sai mutum ya wuni a dunƙule. Na sa kafinta ya ƙara wa tawa tsayi na sa filo a baya, kuma duk in na gama riga ɗaya sai na tashi na zaga. Ummu Haidar dan Allah wannan ta rarrafen ana iya yi bayan cin abinci ko sai da safe? Don ni sai bayan isha'i nake samun kaina.