An ce mu tashi za a gyara gida, wa zai biya kuɗin ƙaura?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ingila. Gidan hayar ƙaramar hukuma muke ciki, a benen ƙarshe. Danshi ya cinye bangon ɗakin yara, ya yi baƙi ƙirin tun daga bayan gado har sama, ɗaya daga cikin 'yan biyun kuma ba ta rabuwa da tari. An zo an duba, an ce sai an sake rufi, don haka za a kai mu wani gida har a gama. Hankalina ya ƙi kwanciya. Wa zai biya motar kwasar kaya? Haya biyu za mu riƙa biya? In mun fita kuma, me zai hana a ce gidan ya fita hannunmu?

Kawun Yara:
Wa alaikumus salam. Hajiya, fara da tambayarsu a rubuce: tashin na wucin gadi ne ko na dindindin? In na wucin gadi ne, yarjejeniyar hayarki tana nan daram, kuma bisa al'ada haya ɗaya za ki ci gaba da biya. In na dindindin ne, dokar biyan diyya ta 1973 (Land Compensation Act) ta tanadi diyyar rabuwa da gida ga wanda ya shekara a ciki, wadda aka ɗaga zuwa fam 8,100 a Oktoban 2023. Amma in ana bin ki bashin haya, suna iya cire abinsu daga ciki. Kuɗin ɗawainiyar tashi daban yake.

Yaya Babba:
Ƙanwata, ni na sha wannan. Rasit, rasit, rasit! Na motar kaya, na mai haɗa murhun gas da injin wanki, na gidan waya da za su riƙa juyo miki wasiƙu, duk ki adana. Labulena bai yi wa tagogin can daidai ba, na sayi sabo, da ƙyar aka biya ni saboda ban nemi izini tukuna ba. Ki ɗauki hoton duk kayan da za ki bari. Kuma tun kafin ki karɓi makulli ki yi musu maganar nisan makarantar yara.

Tarin nan ne ya fi tsaya mini a rai. Baƙin danshi irin wannan ne ya yi ajalin Awaab Ishak, ɗan shekara biyu, a Rochdale a 2020. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki a Oktoban 2025, ta kuma wajabta wa masu gida irin ƙaramar hukuma samar muku masauki da kuɗinsu in sun kasa kawar da haɗarin a kan lokaci. Ki kai yarinyar likita, ki karɓo takarda.

Maman 'Yan Biyu:
Allah Ya saka da alheri. Na duba wasiƙar, ba su sa ranar dawowa ba. In sa hannu a haka, Kawu?

Kawun Yara:
A'a, dakata sai sun rubuta cewa gidanki za ki dawo, da lokacin da suke sa ran gamawa. In sun yi ta ja miki rai, shigar da ƙorafi a wurinsu, in ba ki gamsu ba ki wuce Housing Ombudsman, wato ofishin da ke sauraron koken 'yan haya irinki, kyauta ne.